Baba Kunne da Injin da Ya Buga

Kafin masu shaguna su gama laluben mukullansu, Baba Kunne ya riga ya buɗe garejinsa. Gareji ne dai a suna: rumfar kwano ce mai yoyo ta gefe ɗaya, da benci, da tsohon teburin ƙarfe da baƙin mai ya jiƙa shi har ba a tuna launinsa. Sai ya share ƙasa tukuna, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba, sannan ya wanke hannu da sabulu. Eh, kafin ya taɓa inji yake wanke hannu, ba sai ya gama kaɗai ba. In ka yi masa dariya sai ya ce ai likita ma haka yake yi, kuma nasa majinyacin ya fi na likita haƙuri, tunda ba ya kai ƙara.

Bakaniken ƙananan injuna ne: injin niƙa, injin ban ruwa, janareta, babur, duk wani abu mai fiston ɗaya ko biyu da talaka ke cin abinci da shi. Sunansa na yanka kuwa, in ka tambaya a layin sai a yi ta kallon juna. Kunne ake ce masa tun yana da ƙarfinsa, da furfura ta zo aka ƙara Baba. Dalili shi ne ba ya fara kwance inji. Sai ya ce a tayar, ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru, ya ɗauko doguwar sukudirebarsa mai ƙotar katako, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya manna ƙotar a bayan kunne, ya rufe ido. A wurinsa inji tari yake yi, ko haki, ko nishi, ko ƙwanƙwasa, kuma kowanne ya san inda yake fitowa. In ya buɗe ido ya ce abu kaza ne, to kwancewar da za a yi don hankalin mai injin ya kwanta ne kawai.

Mai niƙa ta bayan kasuwa har gobe tana ba da labarin ranar da aka ce mata injinta ya gama yayi, ta zo tana share hawaye da gefen mayafi. Baba ya bi ta, ya saurara, ya ɗaure noti guda, ya tafi abinsa. Tela da shagonsa ke kallon garejin ya ce da idonsa ya ga Baba ya tare wata motar kaya da ke wucewa, ya ce wa direban bel ɗin fankarsa na gab da tsinkewa. Direban ya ce shi sauri yake yi, ba duba ya zo a yi masa ba. Ba a jima ba sai ga shi a ƙasa, tsinkakken bel a hannu, yana sallama da ladabi kamar ya zo gaishe da surukai.

Kai ne, Baba, wanda ba ka taɓa cire wa mutum abu mai kyau a inji ka ce masa ya lalace ba. Kai ne kake bin mai ban ruwa har bakin rafi da rana tsaka, don ka san in injinsa ya kwana a mace, shukarsa ma haka. Mai jin maganar ƙarfe, mun daɗe muna cin moriyarka, amma bakinmu ya yi nauyi wajen yabo.

To, akwai abin da kowa ya lura da shi a 'yan shekarun nan, aka yi ta kawar da kai. Rediyon garejin ya fara tashi har tela na rufe tagarsa. In ka gaishe da Baba ta bayansa, sai ka yi zaton fushi yake da kai. Ya kuma kama wata sabuwar ɗabi'a ta amsa kowace magana da “Madalla.” Wata rana mai wanki ya tsaya yana gaya masa an sace masa akuya, Baba ya gyaɗa kai ya ce madalla. An yi sati ana dariyar wannan a layin. Wallahi an yi dariya, amma ba a samu mutum ɗaya da ya zauna kusa da shi ya ce masa, Baba, kunnenka fa. Wa zai gaya wa Kunne cewa kunnensa ya gaza? Aka ci gaba da kawo masa injuna, shi kuma ya ci gaba da rufe ido yana saurare, yana cika abin da bai ji ba da abin da ya sani. Da yake abin da ya sani ɗin da yawa ne, sau da yawa yana dacewa.

Sai maganar taraktar lambu ta taso.

Wata 'yar ƙaramar tarakta ce, tsohuwa tukuf, wadda ba ta fi ƙugun mutum tsayi ba, tana jan garma a wani lambun kayan miya a bakin gari. Ta amininsa ce, Mai Lambu, wanda ya rasu ya bar lambun a hannun matarsa. Uwar Lambu ake ce mata, mace mai kazar-kazar da saurin fushi, mai kuma saurin ba ka abinci in ta ga ka rame. Mai tuƙa taraktar shi ne Dogo, magidanci mai shiru-shiru, wanda ya yi shekaru yana aiki a lambun, yana zaune da matarsa da 'ya'yansa a ɗakunan da ke gefen rijiya. Aikin da wurin kwanan a haɗe suke. In ɗaya ya tafi, ɗayan ma ya tafi.

Ana shirin huɗa, Dogo ya zo gareji ya ce yana jin wata 'yar ƙara a injin, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga nesa. Baba ya je, ya sa aka tayar, ya ɗora sukudireba, ya rufe ido. Ya buɗe ya ce lafiyarsa ƙalau, tsufa ne kawai, tsoho kuma ba ya rasa gunaguni. Ya canja fulogi ya dawo. Dogo bai yi musu ba, don a garin nan ba a musu da wannan kunnen.

Bayan 'yan makonni, ana tsakiyar huɗa, injin ya buga. Masu cirar ciyawa sun ce ƙarar kamar an jefa tukunyar ƙarfe a kan dutse. Hayaƙi ya tashi, taraktar ta tsaya cak a tsakiyar kunya, ga rami a gefen injin wanda ɗan yatsa uku zai shiga.

Uwar Lambu ba ta tsaya dogon bincike ba. Lissafinta mai sauƙi ne: Baba Kunne ya ce injin lafiya lau, kunnen Baba kuma ba ya ƙarya, ke nan Dogo ne ya tuƙa shi ba baƙin mai. Dogo ya rantse ya zuba. Ya zaro geji ya nuna mata mai na nan. Ta ce ai bayan ya buga ne ya ɗura don ya rufe laifinsa, ita ba yarinya ba ce. Ga irin tumatir da kabeji sun isa dashe suna jira, ga ƙasa rabi a huɗe, ga taraktar mijinta a mace. Ranta ya ɓaci iyakar ɓaci. Ta ce wa Dogo kafin wata ya ƙare ya nemi inda zai koma.

Aka turo taraktar ƙarƙashin bishiya, Baba ya zo da buhun kayansa. Ya gwada juya injin da hannu, ya ƙi motsi. Ya cire fulogi ya leƙa, ya tara roba ya kwance notin ƙasa. Mai ya zubo, da yawansa, baƙi ƙirin, tsoho, ba sabon ɗuri ba. Ya murza shi tsakanin yatsu ya ɗaga a rana, sai ya ga yana ƙyalli da garin ƙarfe. Ya kwance kwanon ƙasan injin, ya tarar sandar da ke riƙe fiston ta karye, ita ce ta fasa jikin injin ta leƙo waje. A cikin tarkacen ya tsinto ɗan siririn ƙarfen nan da kanikawa ke kira metal, wanda ke kwance tsakanin sandar da ƙarfen da ke juyawa. Injin da ya rasa mai, metal ɗinsa ƙonewa yake yi, ya yi shuɗi-shuɗi, ya narke ya manne. Wannan bai ƙone ba. Cinyewa ya yi a hankali, wata da watanni, har ya koma kamar murfin gwangwani. Metal ɗin da ya cinye haka kuwa ba ya mutuwa shiru, sai ya yi ta ƙwanƙwasa yana neman agaji. Ƙarar da Dogo ya ji ke nan. Baba ya ɗora sukudireba a daidai kanta, bai ji ba.

A duk lambun babu wanda zai iya karanta wannan ɗan ƙarfen sai shi. Uwar Lambu ta leƙo ta tambaye shi me ya gani. Ya ce injin ba zai gyaru ba, sai dai a sa wani. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Ya naɗe metal ɗin a tsumma ya zura a aljihu.

Da yamma ya koma gida ya zauna a tsakar gida, abinci a gabansa bai taɓa ba. Matarsa ta zagayo ta zauna inda zai ga fuskarta, kamar yadda ta saba yi kwanan nan ba tare da ya lura ba.

“Uwar yara, gaya mini tsakaninki da Allah. Kunnena ya taɓu?”

Ta ce ya taɓu.

“Tun yaushe?”

“Tun bara waccan, Malam.”

“Shi ne ba ki faɗa mini ba?”

Ta gyara zaman kwanon da ke gabansa.

“Na faɗa maka. Ba ka ji ba.”



Jinjina ce wannan, amma ba za a yi wa mutum kwalliyar ƙarya ba, kuma shi kansa ba zai yarda ba. Washegari Baba bai je ya faɗi gaskiya ba. Ya ce wa ransa bari ya fara tayar da taraktar, in Uwar Lambu ta ga garma na tafiya za ta huce, ta bar Dogo, magana ta mutu ba tare da an tona kowa ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro irin na mutumin da ba shi da gona, ba shi da shago, ba shi da komai sai suna.

Ya ɗauki Dogo suka tafi wurin masu sayar da tsofaffin injuna. Aka jera musu guda-guda ana tayarwa. Baba ya miƙa wa Dogo sukudirebar, ya ce yau shi zai saurara, ai ya kamata ya koya. Dogo ya karɓa hannu bibbiyu, yana ganin an girmama shi. Ya ƙi na farko, ya ce yana haki. Ya ƙi na biyu. Ya tsaya a kan wani injin da aka ciro daga famfon ban ruwa, ya ce wannan muryarsa a wanke take. Baba ya dafa injin da tafin hannu, ya duba hayaƙin, ya shinshina man, ya ce a ɗauka.

Ɗora shi kuwa aiki ne ja. Ramukan notin sabon injin ba su dace da na taraktar ba, sai da Baba ya yanko faifan ƙarfe ya huda masa sababbi. Bakin ƙarfen da ke juya bel ya fi na tsohon tsawo, aka yi ta gwaji da zare har bel ya tsaya a miƙe. Salansa, wato bututun hayaƙi, ta juya baya tana hura wa direba hayaƙi a ƙafa, aka lanƙwasa mata wuya. Wayoyin wuta kowanne da launin da ya ga dama, Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan Dogo na gefensa, shi ke ɗaga inji, shi ke riƙe sifana, mutumin da aka kora yana gumi a kan taraktar da wani zai hau.

Uwar Lambu kuwa ba ta huce ba. Ana cikin aikin, matar Dogo ta ɗaure tukwanenta, ta cire yara daga makaranta, suka tafi gidan yayanta a wani gari kafin a ga abin da Allah zai yi. Baba yana ƙarƙashin taraktar ya ga ƙafafunsu suna wucewa. Ran nan da suka zauna hutawa, Dogo ya matso kusa da kunnensa ya ce, “Baba, ni kaina na fara shakka. Ko mafarki na yi na zuba man nan?” Baba ya ce Allah ya kyauta. Ya ce daga baya, a duk rayuwarsa bai taɓa jin ƙyamar bakinsa irin ta wannan rana ba.

Ranar tayarwa da safe ma'aikatan lambun suka taru. Dogo ya hau, ya murza mukulli. Injin ya yi tari, ya kama. Baba ya ga hayaƙi ya fito fari ya washe, ya ji rawar ƙarfe a tafin hannunsa, ya ga bakuna a buɗe ana dariya. Ƙarar kanta tana zuwa masa ne kamar ana hira a bayan bango. Uwar Lambu ta zo gabansa tana sa masa albarka da ƙarfi, ta ce ita dai ta san muddin Kunne na raye taraktar mijinta ba za ta mutu ba, kuma ta samo sabon direba, gobe zai fara, mai hankali, wanda ya san darajar baƙin mai.

Wannan kam ya ji ta sarai. Ya miƙa hannu ya kashe injin. Ya zaro tsumman daga aljihu, ya buɗe a tafin hannunsa.

“Matar aminina, dubi wannan. Injin da ba mai, wannan ƙarfen ƙonewa yake yi. Kin ga ƙuna?”

Ta duba ta ce ba ta gani ba.

“Dogo ya zuba mai. Ya kuma ji ƙara, ya zo ya gaya mini tun da sauran gyara. Ni ne na saurara ban ji ba, na ce lafiya. Ni na kashe miki inji.”

“Haba Malam, kai fa Kunne ne.”

“Da ne. Kunnen ya tafi, ni ne ban yarda ba.”

Uwar Lambu ta dubi Dogo, ta dubi ɗakunan gefen rijiya da ƙofarsu ke buɗe ba labule, sai ta rufe fuska da mayafi. In kuna zaton Dogo ya sauko ya rungume tsohon, to ba ku san zafin abin ba. Ya sauko dai, ya tsaya gabansa, ya tambaye shi a hankali yadda sai da Baba ya bi leɓensa da ido.

“Baba, ranar da ka buɗe tsohon injin ka sani?”

“Na sani.”

Dogo ya gyaɗa kai, ya ɗauki bokiti ya tafi ban ruwa.

Uwar Lambu ta nemi gafararsa a gaban kowa, ta sallami sabon direban, ta aika aka dawo da iyalinsa. Amma yaran sun riga sun rasa zangon karatu, irin dashen ya yi tsawo ya lalace, sai da aka sake zuba wani. Baba kuma a satin ya kwashe sifanoninsa ya rufe garejin, ba wanda ya ce ya rufe. Ya ce ba zai ƙara sa kunnen da ba shi da shi a kan abincin wani ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ƙona rai. Labari ya zaga, sai ga waɗanda jiya ke rantsuwa da kunnensa sun fara tone-tone. Wanda janaretansa ya mutu shekarun baya ya ce dama ya yi zargi. Wasu kuma suka ce tsohon bai da wayo, da ya yi shiru wa zai sani? Ku ji fa. Mutum ya yi shekara da shekaru yana tayar muku da matattun injuna ba ku ce sannu ba, ranar da ya yi abin da ya fi duk gyare-gyarensa wuya, ranar kuka ga wautarsa. Kaico.

Kai ne, Baba, ka tsaya a gaban mutane ana tsakiyar yabonka, ka kashe injin, ka ajiye sunan da ka yi rayuwarka kana ginawa don wani magidanci ya samu wurin kwana. Ka yi jinkiri, ka sani, kai da bakinka kake cewa ba kurumtar ce ke hana ka sukuni ba, kwanakin nan ne da ka yi shiru alhali kana gani. Mu dai mun ga mutane da yawa da suka yi shiru har abada, suka mutu da sunansu cas. Kai ka zaɓi ka rayu ba naka. Mun gode. Mun gode da injunan, mun fi gode wa wannan safiyar. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Abin takaicin shi ne sai da kunnen ya tafi sannan muka zo da godiyar.

Masu sana'a, manya da masu tasowa, ga abin koyi. Ranar da hannu ko ido ko kunne ya gaza, ku faɗa da bakinku kafin laifin ya faɗa kan wanda ba shi da bakin kare kansa, kuma ku faɗa da wuri. Wanda kuma yake da godiya a ransa ga tsohon nan, kada ya aika, kada ya ɗaga murya daga nesa. Yana nan ƙofar gidansa kan tabarma kowace hantsi. Ku je ku tsaya ta gabansa inda zai ga bakinku.

Dogo ma yakan biyo in ya kawo kaya kasuwa. Yakan tsaya ta gaba, ya gaishe shi da ladabi, ya ce masa injin na nan lafiya. Duk zuwan da zai yi sai Baba ya matsa gefe ya bar masa wuri a tabarmar. Har yanzu bai zauna ba.